Marurun da Ke Cikin Jijiya

Makonni uku kafin ya faɗi, hannunsa na dama ya taɓa ƙin yi masa biyayya. Yana zaune a zauren gidansa da ke Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, bayan sallar la'asar, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai kofin ya suɓuce. Ya buɗe baki zai yi magana, harshe ya yi masa nauyi. Kafin a kirawo ƙaninsa daga maƙwabta komai ya koma daidai, har ya riƙa yi wa mutanen gidan dariya saboda firgitar da suka yi. Wasu suka ce gajiyar gona ce, tunda lokacin yankan riɗi ne. Wata gwaggo ta ce iska ce ta gifta, aka yi hayaƙi. Tsohon shugaban makarantar firamare ne, ya haura shekara sittin, ba shi da ƙiba, kullum yana bisa keke tsakanin gida da gona. Babu wanda ya ga dalilin zuwa asibiti, babu kuma wanda ya ga dalilin tayar da hankalin babbar 'yarsa da ke aiki a Kano.

A karo na biyu hannun bai dawo ba, ƙafar ma ta bi shi. Aka ɗauke shi zuwa Birnin Kudu, daga can aka wuce da shi Kano, inda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa jini ya yanke wa wani yanki na ɓangaren hagu. 'Yar tasa ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce, ta shekara goma sha tana leƙa jinin mutane ta madubin likita, don haka ita likitoci suka riƙa yi wa bayani. An duba bugun zuciyarsa ba a ga tangarɗa ba. Da aka ɗora na'urar sikanin a wuyansa, sai ga wani ƙullutu a jikin babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta hagu. Likitan ya auna, ya ce ƙullutun bai rufe ko rabin hanya ba.

“To likita, in hanya a buɗe take, me ya tare jinin?” in ji ta.

“Hajiya, zatona fashewa ya yi,” ya amsa mata. “Gudan jini ya taru a kansa, ya ɓalle, ya haura sama.”

Tambayar tata ta fito ne daga hoton da yawancinmu muke ɗauke da shi a zuci. Muna ganin jijiya kamar bututun famfo, maiƙo yana taruwa a cikinsa shekara da shekaru har ya toshe. Bisa wannan hoton, ƙullutun da ya fi girma shi ya fi haɗari. A ƙarshen shekarun 1980 likitocin zuciya a Amurka suka koma kan tsofaffin hotunan jijiyoyin mutanen da bugun zuciya ya same su daga baya, suka tarar cewa a lokuta da yawa wurin da ya janyo masifar bai kasance wurin da ya fi ƙunci ba. Ƙullutu matsakaici, wanda ba ya hana mutum hawa keke ko yin huɗa, shi ne yakan fashe rana tsaka.

Hoton da ya fi dacewa shi ne maruru. Duk wanda ya taɓa jinyar maruru ya san cewa mai tauri, mai kaurin fata, yana iya daɗewa a zaune, amma wanda ya nuna, ya tara mugunya, fatarsa ta yi sirara tana sheƙi, wannan ko gogar riga tana iya fasa shi. Ƙullutun jijiya haka yake, sai dai shi a cikin bangon jijiyar yake zaune, kuma in ya fashe, cikin jini yake zubar da abin da ya tara. Jini kuwa da ya haɗu da wannan ƙazanta sai ya daskare nan take. Idan a jijiyar zuciya ne, bugun zuciya ke nan. Idan a ta wuya ne, gudan yana iya tafiya ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki.

Mai nunar da wannan maruru wata ƙwayar halitta ce da 'yar malamin ta sani ido da ido. A cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, akwai wata babba mai cibiya kamar ƙwayar wake, ana kiran ta monosait. Takan ƙirga su kowace rana, biyu zuwa takwas a cikin kowane ɗari. Idan monosait ta bar jini ta shiga tsoka sai ta girma ta zama makrofaj, sunan da ke nufin “babban maci” da harshen Girkanci. Wani masanin daular Rasha, Elie Metchnikoff, shi ya fara gane aikin irin waɗannan ƙwayoyi a 1882 a garin Messina na Italiya, lokacin da ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku, ya wayi gari ya ga ƙwayoyi sun kewaye ƙayar suna neman cinye ta. Makrofaj ita ce mai sharar jiki kuma mai gadinsa: tana haɗiye ƙwayoyin cuta, tana kwashe matattun ƙwayoyin halitta, tana kiran 'yan uwanta idan abin ya fi ƙarfinta.

Ga yadda mai gadi yake zama ɓarna. Kitsen da ake kira kolestarol yana yawo a cikin jini a ƙunshe cikin wasu ƙananan dunƙule, irin waɗanda takardar gwaji take rubutawa LDL. Idan suka yi yawa, ko kuma hawan jini, ciwon sukari da hayaƙin taba suka ƙuje shimfiɗar cikin jijiya, sai su kutsa cikin bangon su maƙale, su lalace kamar man da ya kwana biyu ya canza wari. Bangon ya aika kira, monosait su shigo, su zama makrofaj, su hau ci. Matsalar ita ce ƙofar da suke haɗiye lalataccen kitse da ita ba ta rufewa idan sun ƙoshi. Michael Brown da Joseph Goldstein na Dallas, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1985, su suka bayyana wannan ƙofa a 1979. Makrofaj takan ci har ta kumbura ta zama kamar kumfa, ta kasa fita, ta mutu a wurin. A jiki mai lafiya 'yan uwanta za su zo su kwashe gawar cikin gaggawa. A cikin tsohon ƙullutu wannan jana'iza takan tsaya, gawarwaki su taru su ruɓe, su zama mugunyar tsakiyar marurun. Jijiya tana ƙoƙarin rufe wurin da murfi na zaruruwa masu ƙarfi, amma makrofaj ɗin da suka fusata suna fitar da sinadaran da ke narkar da zaruruwan. Masu binciken gawa sun auna murfin ƙullutun jijiyar zuciya da suka fashe, suka ga kusan dukkansu ba su kai kaurin maikuromita 65 ba, wato kusan silin gashi ɗaya.

Wannan fahimta ta daɗe kafin ta karɓu. Rudolf Virchow na Jamus ya ce ciwon kumburi ne tun tsakiyar ƙarni na 19. A 1913 Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye kolestarol a birnin Santa Fitasbag, jijiyoyinsu suka yi ƙullutu, hankalin duniya ya koma kan kitse kusan ƙarni guda. Sai a 1999, da Russell Ross na Seattle ya tattara hujjoji a wata maƙala da ta shahara, aka amince cewa duka biyun gaskiya ne: kitse ke kunna wutar, garkuwar jiki ke hura ta. Kuma ciwon bai keɓanta da Turawa ko masu cin daɗi ba. A 2013 an saka busassun gawarwakin mutanen dā guda 137, daga Masar da Peru da wasu wurare biyu, cikin na'urar ɗaukar hoto, aka ga alamar wannan ciwo a kusan ɗaya cikin uku.

Idan makrofaj ce ke nunar da maruru, to abin da likita yake bukatar gani shi ne inda suka taru suna aiki. Sikanin wuya da aka yi wa malamin ya nuna girma da siffa, yana kuma iya nuna ko ƙullutun mai taushi ne ko mai tauri, amma ba ya nuna zafin da ke cikinsa. A nan masana suka tuna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, suka yi niyyar kama makrofaj ta bakinta. Makrofaj da ta fusata tana shan sukari fiye da maƙwabtanta. A 2002 James Rudd da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka yi wa mutanen da suka sami irin gargaɗin da malamin ya samu allurar wani sukari mai fitar da ɗan haske na nukiliya, suka sa su a na'urar PET. Ƙullutun ɓangaren da ya janyo matsalar ya fi na ɗaya ɓangaren haske. Sai dai tsokar zuciya ita ma mashayiyar sukari ce, haskenta yakan danne na ƙananan jijiyoyin da ke kanta. A 2017 wata tawaga a wannan jami'a ta gwada wani sinadari da aka saba neman wasu nau'o'in kansa da shi, mai suna dotateit, wanda ke liƙewa a wata alama da ke jikin fusatacciyar makrofaj. A gwajin mutum 42, ya bambance ƙullutun da ya yi ɓarna da wanda ke zaune lafiya a jijiyoyin zuciya fiye da yadda sukarin ya yi. Akwai kuma hanya ta uku: ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, waɗanda makrofaj kan haɗiye a matsayin shara, sai wurin ya yi duhu a hoton MRI.

Bayan gani sai magani. Gwajin da ya raba gardama shi ne CANTOS, wanda Paul Ridker na Boston ya jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2017. An ɗauki mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, jininsu kuma yana nuna alamar kumburi. Aka ba wasu allurar kanakinumab, wadda ke toshe ɗaya daga cikin saƙonnin da makrofaj ke kiran yaƙi da su. Kolestarol ɗinsu bai ragu ba, amma bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar da suke janyowa sun ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. A karon farko an tabbatar a jikin ɗan Adam cewa kwantar da garkuwa kaɗai yana kare jijiya. Sai dai sakamakon ya zo da farashi: waɗanda cututtuka masu yaɗuwa suka kashe sun fi yawa a cikin masu shan allurar. An yi wa masu gadi umarnin su sassauta, sai ɓarayi suka sami ƙofa.

Wannan farashi shi ne inda labarin ya shafi Maruta fiye da Boston. Makrofaj ɗin da ke nunar da maruru a wuyan malamin, 'yan uwanta ne suke killace ƙwayar tarin fuka a huhun miliyoyin mutanen da ke ɗauke da ita ba su sani ba, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka a duniya. Su ne kuma a cikin saifa suke tace jajayen ƙwayoyin jinin da zazzaɓin cizon sauro ya shiga. Maganin da zai kwantar da garkuwar jiki gaba ɗaya, daga kai har ƙafa, haɗarinsa a kudancin Jigawa lokacin damina ya fi haɗarinsa a ƙasar da ba ta da sauro. Mutanen nan sun fi kowa bukatar maganin da zai je ƙullutun kai tsaye, ya bar huhu da saifa suna aikinsu.

Abin da ake ta ƙoƙarin ƙerawa ke nan. A 2016 tawagar Nicholas Leeper ta jami'ar Stanford ta gano ɗaya daga cikin dalilan da jana'izar cikin ƙullutu take tsayawa: ƙwayoyin da ya kamata a kwashe suna ɗauke da wata shaida, ana kiran ta CD47, wadda ke gaya wa makrofaj kada ta ci su. Da aka toshe shaidar a jikin ɓeraye, shara ta ci gaba, ƙullutu ya ragu. Amma jajayen ƙwayoyin jini su ma da wannan shaida suke kare kansu, don haka maganin yana janyo ƙarancin jini, abin da babu mai wasa da shi a ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila. A 2020 tawagar, tare da Bryan Smith na jami'ar jihar Michigan, ta ɗura wani magani daban da ke toshe saƙon wannan shaida a cikin wasu bututun gawayi ƙanana ƙwarai, waɗanda monosait ke haɗiyewa a cikin jini su tafi da su cikin ƙullutu da kansu, kamar yadda makiyayi yake ɓoye magani a cikin dusa. A jikin ɓeraye ƙullutu ya ragu ba tare da ƙarancin jini ba. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma akwai darasi a baya: a 2015 likitoci a Amsterdam sun ƙunshe maganin kumburi cikin ƙananan dunƙulen mai, suka tabbatar ya isa cikin makrofaj ɗin ƙullutun marasa lafiya, amma hoto bai nuna kumburin ya ragu ba. Isa wurin mataki ɗaya ne, yin aiki mataki na biyu.

Akwai tsohon magani mai araha da ya shigo cikin maganar, wato kolcisin, wanda aka daɗe ana ba masu ciwon gaɓoɓi na gawut. Gwaji biyu, ɗaya da aka jagoranta daga Kanada a 2019, ɗaya a Ostareliya da Holan a 2020, sun nuna rabin miligiram a kullum yana rage matsala ga masu ciwon jijiyar zuciya, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023. Sai wani babban gwaji a 2024, na mutum sama da 7,000, bai ga amfaninsa ba, gwaje-gwajen da aka yi wa masu shanyewar jiki su ma ba su ba da tabbaci ba. Tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa kaɗan ce, musamman ga mai ciwon ƙoda. Ba abin saye a kemis ba ne, kuma ba a rubuta wa malamin shi ba.

Abin da aka rubuta masa abu uku ne: maganin hawan jini, asfirin, da sitatin mai rage kolestarol. 'Yarsa ta fara kallon takardar da raini, ganin cewa na'urar PET a duk Najeriya ƙalilan ce, sinadaranta kuma ba sa jure tafiya, domin ƙarfin na dotateit yana raguwa da rabi duk bayan minti 68, kafin mota ta kai Kano daga Gwaram ya kusa ƙarewa. Amma waɗancan na'urori masu tsada sun riga sun ba da shaida a kan ƙwayar da ke hannunta. A 2009, a Kambirij, an ba masu ƙullutun wuya sitatin mai ƙarfi, aka bi su da hoton ƙwayoyin ƙarfe, cikin makonni goma sha biyu alamar makrofaj ta ragu. Idan aka rage kitsen da ke shiga bango, masu sharar suna samun sararin numfashi, murfi ya yi kauri. Maganin da ke kwantar da makrofaj ya riga ya iso kasuwa, sai dai da sunan maganin kitse aka san shi.

Alƙaluman gida su ma suna nuna inda ya kamata a sa ƙarfi. Binciken SIREN, wanda Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa suka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya kwatanta masu shanyewar jiki sama da 2,000 da takwarorinsu masu lafiya. Sakamakon da ya fito a 2018 ya danganta kusan tara cikin goma na shanyewar jiki da hawan jini, ya kuma lissafa matsalar kitsen jini, ciwon sukari, yawan gishiri da ƙarancin cin ganye. Ya nuna har ila yau cewa kusan ɗaya cikin uku jijiya ce ta tsage a cikin ƙwaƙwalwa jini ya zuba, abin da ba ƙullutu ne ya janyo shi ba. Shi ya sa ba a ba wanda ya faɗi asfirin kafin a ɗauki hoton kansa, domin ga mai zubar jini ƙarin ɓarna ne.

Abin da ya fi tsaya wa 'yar malamin a rai shi ne makonni ukun nan. Kofin da ya suɓuce shi ne fashewar farko, ƙaramin gudan da ya tare hanya na 'yan mintoci ya narke. Marurun da kansa ya sanar da cewa ya nuna, ba tare da na'urar PET ba. Wani bincike da Peter Rothwell ya jagoranta a Oksfod, aka buga a 2007, ya nuna cewa idan aka fara magani nan da nan bayan irin wannan gargaɗi, haɗarin babbar shanyewa a watanni ukun da ke biye yana raguwa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Magungunan da aka yi amfani da su a can, irin waɗanda ke cikin takardar hannunta ne, kuma ana samun su a Birnin Kudu.

Bayan wata biyu aka mayar da shi gida. Yana takawa da sanda, maganarsa tana dawowa a hankali, yana jan carbi da hannun hagu. Ranar da za ta koma Kano ta zauna a gabansa a zaure, ta ciro na'urar awon jini da ta saya da wani littafin rubutu.

“Baba, duk Juma'a za a auna a rubuta a nan. In hannu ko baki ya sake yin nauyi, ko na minti ɗaya ne, ko ya wuce da kansa, a ranar za a tafi asibiti.”

“Na ji, Uwata,” ya ce, yana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya nuna ƙaninsa da haɓa. “Fara da wancan. Shi ma cewa yake lafiyarsa ƙalau.”

Baffan ya yi gardama, ya ce jiya kaɗai ya ɗaure dami goma sha biyu na dawa shi kaɗai. Ta durƙusa ta ce, “Baffa, don Allah ka ba ni hannu.” Ya naɗe hannun rigarsa yana gunaguni. Na'urar ta matse, ta saki, ta nuna 170 bisa 100. Ta jira minti biyar ta sake aunawa, bai sauka ba. Ta buɗe shafi na biyu na littafin ta rubuta kwanan wata da alƙaluman, sannan ta fita ta gaya wa direban da ke jiran ta cewa su biyu ne, kuma za su tsaya a Birnin Kudu.